Kawu Ne Ya Gani, Ba Ni Ba

Kawu ya rasu ranar Laraba da hantsi, a ɗakinsa da ke Tudun Wadar Zariya, bayan jinyar da ba ta cika mako biyu ba. Wanda ya ba mu shi ya karɓi abinsa, mu ma can muka nufa. Bayan sallar Azahar muka kai shi makwancinsa. Kawu bai haifi namiji ba, 'ya'yansa uku duk mata ne, saboda haka ni ɗan ƙanwarsa na shiga kabarin na karɓe shi.

Kwana uku muna zaune a ƙarƙashin rumfa a ƙofar gida, mutane ba su yanke ba. Ladanin masallacinmu ya riƙe hannuna ya ce tun ranar da Kawu ya kwanta lasifikarsu take gurnani, babu wanda ya san inda zai taɓa. Wani dattijo Ibo mai shagon kayan lantarki a Kwangila ya zo, ya cire takalmi ya zauna a gefen tabarma, ya yi kuka har sai da aka ba shi ruwa. Ya ce shekara da shekaru Kawu yana sayen kaya a wurinsa, bai taɓa karɓar ko fis ɗaya ba sai ya auna shi a gabansa. Tsofaffin malaman jami'a su ma sun zo da motocinsu, waɗanda Kawu ya yi wa aiki a ɗakin gwaje-gwaje na sashen fiziks har ya yi ritaya. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Rabin digirina hannun wannan bawan Allah ne."

Amma kowa, in ya gama addu'a ya shafa, tambaya ɗaya yake yi. "Ina Dakta? An sanar da Dakta? Allah sarki, Dakta ba ta samu ganin mahaifinta ba."

Dakta ita ce Auta, ƙaramar 'yar Kawu, wadda take Turai tana bincike. Ni na kai Kawu asibiti, ni na juya shi a kan gado, ni na yi masa aski na ƙarshe. Sai ga ni zaune ina amsa gaisuwa a madadin wadda ba ta nan, ina cewa tana hanya. Ina faɗa ina jin wani abu yana cin raina. Ba baƙin cikin mutuwar kaɗai ba ne. Na san mene ne, don mun daɗe tare da shi.

Ina da shekara bakwai mahaifina ya rasu, Kawu ya je ya ɗauko ni a bayan kekensa. Bai yi min doguwar magana ba. Da muka iso gida ya ce wa Inna, matarsa, "Ga ɗanki." Daga ranar ban taɓa ganin an raba min kwano ba. A zaurensa na koyi riƙe ƙarfen solda. Yakan tsaya a bayana, ya riƙe gwiwar hannuna, ya ce kada in numfasa sai dalmar ta zauna. Duk abin da aka kawo masa, rediyo ne ko amfilifaya, ba ya buɗewa da gaggawa. Sai ya kunna, ya sunkuyar da kai, ya ɗaga yatsa ɗaya ya ce, "Saurara tukuna." In ka ce masa ga abin da kake zato, sai ya tambaye ka, "Ka auna?" In ka ce a'a, sai ya ce, "To ba ka sani ba ke nan, ji kawai kake yi." Yakan kuma ce a fara zargin kebul kafin a zargi inji, domin inji yana da masu kare shi, kebul kuwa ba wanda yake kallonsa.

Ƙarar lantarki tana damunsa kamar ciwo. Wata Juma'a muka yi salla a wani masallaci a Gyallesu, lasifika tana ta zuuu a ƙarƙashin muryar liman. Ana sallamewa Kawu ya miƙe ya je ya sami liman, ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, ban ji ko kalma ɗaya ta huɗubarka ba." Bai bar wurin ba sai da ya sake ɗaure wayar ƙasa, da babbar rigarsa da komai.

Saboda shi na karanta fiziks. Na so in wuce inda ya tsaya, in zama ɗaya daga cikin waɗanda ake rubuta sunansu, ba masu gyara musu kaya ba. Na gama digiri, na nemi tafiya ƙaro karatu sau biyu, ban samu ba. Na kama koyarwa a sakandare, na yi aure, na koma Hanwa. Har yau a nan nake.

Auta kuwa na girme ta da shekara goma sha ɗaya. Ni na koya mata lissafi a kan tabarmar tsakar gida. Tana aji biyar na firamare, wata rana Kawu yana fama da wata tsohuwar rediyo, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baba, in ka juya ta wajen taga ƙarar tana raguwa." Ya juya. Ya sake juyawa. Ya dube ta kamar yau ya fara ganinta. Washegari ya ba ta tsohuwar mitarsa ta awo, mai allura, wadda ni ba na taɓawa sai na wanke hannu. Ina jami'a a lokacin, da gemuna. Na yi dariya tare da kowa, na shiga ɗaki na kasa cin abinci.

Da ta tafi Turai digiri na uku, idon Kawu ya riga ya fara rauni. Ba ya iya karanta saƙo a waya. Sai ya zama duk Asabar bayan La'asar ina zuwa da kwamfutata, mu kira ta, mu ga juna. Ni ne mai riƙewa, ni ne mai karanta masa abin da ta aiko.

A irin wannan hirar ta bayyana masa aikinta. Ta ce ana ƙoƙarin gina wani sabon nau'in kwamfuta, wadda ginshiƙinta wani ɗan ƙaramin zagayen lantarki ne da suke kira kubit. Da alminiyam ake zana shi a kan ɗan falle da bai kai farce ba. Ana sa shi a cikin wani firji mai tsananin sanyi, sanyin da ke sa lantarki ya gudana babu abin da ke tare shi. A nan yake riƙe bayani. Matsalarsa ita ce ƙaramar hayaniya, ta zafi ko ta maganaɗisu, tana goge abin da ya riƙe. Su a ɗakin bincikensu sun gina wani iri da hayaniya ba ta cika kama shi ba, yana daɗewa bai manta ba. To amma kafin a yi lissafi da shi dole a aika masa umarni ta kebul, ɗan guntun sigina, ya juya daga wannan hali zuwa wancan. Wanda aka kare daga hayaniya kuwa, shi ma umarnin da ƙyar yake kama shi. In an bi a hankali lokaci ya ƙure, in an yi sauri ya juya ba daidai ba.

Kawu ya shafa gemu, sannan ya ce, "Wato kun toshe masa kunne don kada ya ji surutun banza, yanzu kuma kuna so ya ji taku maganar."

Auta ta fashe da dariya. "Shi ke nan, Baba. Ka gama digirin."

Ni ma na fahimci bayanin, wataƙila ma na riga shi. Amma ba ni na faɗi haka ba, kuma ba ni aka yi wa dariyar ba.

A shekararta ta ƙarshe aiki ya tsaya mata. Umarninta yana barin ɗan kuskure kowane juyi, in an jera da yawa sai lissafin ya watse. Wata da watanni suna sauya siffar siginar, abin ya ƙi. Lokacin da aka ɗibar mata yana ƙarewa. Ta rame, ko a gilashin kwamfuta ana gani. Wata Laraba ta turo min hoto, zanen siginar kamar yadda na'urar awonsu ta nuna, ta rubuta a ƙasa: "Yaya, don Allah ka nuna wa Baba."

Ban nuna masa ba sai bayan kwana uku. Na so in gano da kaina. Na buɗe tsofaffin littattafaina, na yi ta kallon hoton a ofishin malamai tsakanin darasi da darasi. Tudu ɗaya na gani da wutsiya mai ɗan lanƙwasa, ba wani abu ba.

Ranar Asabar na je da wuri, kafin lokacin kira. Na faɗaɗa hoton har ya cika gilashin. Kawu ya kusanto da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓawa. Ya bi layin da yatsa a hankali. Ya tsaya.

"Mene ne wannan?"

"Wutsiyar ce, Kawu."

"A'a. Ga wani ɗan tudu a nan. Ga ƙaninsa kuma a gaba. Tazararsu ɗaya ce?"

Na duba. Ɗaya ce.

"Karanto min lambobin da ke ƙasa."

Na karanta masa. Ya sa na ciro kalandar da ke bango, ya juya bayanta, ya yi lissafi da maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, manyan lambobi kamar na ɗan aji ɗaya. Bai fi layi huɗu ba.

"Amsa-kuwwa ce," in ji shi. "Siginar tana tafiya, tana cin karo da wani abu a hanya, wani ɓangare yana komawa baya ya sake dawowa. Abin nasu yana jin umarnin sau biyu, na biyun a makare. Akwai mahaɗa da ta tsage, wajen mita ɗaya da ɗan wani abu daga inda kebul ɗin ya shiga firjin."

Na ce ai ba za a ce ba su gwada kebul ɗinsu ba.

"Sun gwada da ɗumi. Ƙarfe in ya ji sanyi tsukewa yake yi. Da ɗumi tsagar tana rufe, da sanyi ta buɗe. Aika mata."

Ranar Auta ba ta samu kira ba, tana ɗakin gwaji. Na koma Hanwa da bayan kalandar a aljihu. Na zauna na sake zana komai da hannuna a farar takarda, na ƙawata shi da alamomin lissafi na 'yan jami'a, na ɗauki hoto. Na rubuta mata, "Na duba abin nan, ga abin da nake gani."

Ta amsa nan take. "Baba ya gani?"

Na rubuta, "Kin san idonsa yanzu."

Ban yi ƙarya a kalma ba. Na daɗe ina lallashin kaina da wannan.

Ba ƙaramin abu ta ɗora a kan maganar ba. Kafin a taɓa kebul ɗin sai an kashe firjin, a jira kwanaki ya yi ɗumi, a buɗe, a sake jiran wasu kwanakin ya yi sanyi. Aikin sauran ɗalibai duk sai ya tsaya. Malaminta bai so ba. Ta dage, ta ce yayanta malamin fiziks ne, ga lissafinsa. Suka buɗe. Suka sami tsagar a jikin soldar wata mahaɗa, kusan daidai inda aka ce. Da suka sauya ta, kuskuren ya ragu ƙwarai, har sauran gyare-gyaren da suka sha gwadawa a banza suka fara aiki.

Asabar ɗin da ta biyo baya fuskarta kamar an kunna fitila. "Baba! Yaya ya cece ni! Wallahi Baba, Yaya ne ya gano. Amsa-kuwwa ce a cikin kebul!"

Ina riƙe da kwamfutar. Kawu bai juyo ya dube ni ba. Ya yi murmushi ya ce, "Alhamdu lillahi. Ai yayanki ba baya ba ne." Ya tambaye ta abin da take ci, ya tambaye ta sanyin garin.

Da aka kashe, ya nemi butarsa zai yi alwala. Shirun nan ya fi ƙarfina. Ni da na yi laifi, ni na fara ɗaga murya.

"Kawu, me ya sa ba ka faɗa mata ba?"

"Kebul ɗin ya gyaru?"

"Ya gyaru."

"To."

"Kullum haka kake! Sai ka yi shiru ka bar mutum da kunya. Ita in ta yi abu ka yaba, ni tun ina yaro ban taɓa yin abin da ya isa ka ce madalla ba. Ni ne nan kullum, amma ita ce a bakinka."

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Inna ta leƙo daga tsakar gida, ya ɗaga mata hannu ta koma. Ya ajiye butar.

"Zauna," ya ce. Na zauna. "Shekara talatin da wani abu ina haɗa wa mutane na'ura, su auna, su rubuta, su hau. Wani ko gaisuwa ba ya yi in ya ga ni a hanya. Kana zaton ba ya min ciwo? Yana yi. Akwai ranar da na dawo gidan nan na kasa shiga, na zauna a zaure har Magariba, don wani yaro da na koya wa riƙe sukuddireba ya zama shugabana. Na san abin da ke cinka, don ya ci ni. Shi ya sa ba zan tona ka a gaban ƙanwarka ba. Amma ba zan ce maka ka kyauta ba. Kai za ka faɗa mata, da bakinka, ranar da ka iya."

Na ce to. Ya tashi ya yi alwalarsa. Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya, kuma bai canza min fuska ba ko sau ɗaya. Da 'yata ta kwanta rashin lafiya a damunar nan, da sandarsa da raunin idonsa ya hau Keke Napep shi kaɗai har Hanwa, ya zauna a bakin gadonta yana yi mata addu'a.

Ban faɗa ba. Auta ta gama, ta zama Dakta, ta sa sunana a shafin godiya na kundinta, ta turo min hoton shafin. Na nuna wa abokan aikina. Na ji daɗi, kada in ɓoye. Daga nan duk wata tambayar aiki ni take turo wa, ni kuma in yi ta kewaye-kewaye. Kiran Asabar bai tsaya ba, amma ya koma gaisuwa da labarin gida. Kawu yakan tambaye ni, in na zo ina ajiye jaka, "Auta ba ta aiko da wani hoto ba?" In ce babu. Sai ya ce, "To, aiki ya yi mata yawa."

Ta iso Zariya kwana huɗu bayan an binne shi. Mata suka rufe ta da kuka, aka yi ta shigowa sabuwar gaisuwa kamar ranar aka yi rasuwar. Na tsaya a gefe ina nuna wa baƙi wurin zama. A rana ta shida da rasuwar, bayan Azahar, na same ta ita kaɗai a zauren Kawu, zaune a kan kujerarsa ta aiki. Na tsaya a bakin ƙofa na faɗa mata komai, ban zauna ba, don na san in na zauna zan fasa.

Ta ɗago kai ta dube ni.

"Ka ce min idonsa," ta ce.

"Na ce."

"Yaya, ba sunan ne ya dame ni ba. Ka riƙe sunan. Ni na ɗauka Baba ya gaji ne. Na ɗauka na yi masa nisa, ba ya iya bina, yana jin nauyin ya faɗa. Shi ya sa na daina turo masa. Fiye da shekara ina da abubuwan da nake so in nuna masa, ina hana kaina don kada in kunyata shi." Muryarta ta karye. "Kai kana da shi kullum. Ni abin nan kaɗai nake da shi da shi."

Duk shekarun nan ban taɓa kawo wa raina cewa akwai abin da nake da shi wanda ita take so ba.

Ta share fuska da gefen mayafinta. "Da ya ga hoton, me ya ce? Faɗa min daidai yadda ya faɗa. Kada ka rage komai."

Na faɗa mata, tun daga yatsansa a kan gilashi har zuwa tsukewar ƙarfe. Sai na tsaya. Akwai sauran magana ɗaya, wadda ko a baya cikin wannan rubutun ban rubuta ba, domin ita ce ta sa na sake zanen da hannuna. Har a wannan lokacin, a zauren mamaci, sai da na ji raina yana so ya riƙe ta.

Na ce, "Da ya gama lissafin, ya ajiye makar, ya ce, 'Yarinyar nan ta iya awo. Da hannunta bai da tsabta, da ban ga komai ba. Ta wuce ni, alhamdu lillahi.'"

Ta ce, "Sake faɗa."

Na sake faɗa. Ta sa na faɗa sau uku, tana motsa leɓe tana bina.

Ba ta ce ta yafe min ba, ni ma ban roƙa ba tukuna, don ban ga na kai ba. Abin da ta ce kawai shi ne in rubuta yadda aka yi, in bar shi inda jikokin Kawu za su karanta. Ga shi na rubuta. Wani tsoho mai raunin ido a Tudun Wada, wanda bai taɓa ganin firjin nan ba, bai kuma taɓa taka ƙasar da yake ba, shi ya gano tsagar. Ni riƙe kwamfuta kawai na yi.

Ya Allah, ka san abin da ya rufa min. Ka rufa masa fiye da haka. Ka yalwata masa kabarinsa, ka sa shiru da natsuwa a cikinsa, ka ba Inna da 'ya'yansa haƙurin rashinsa. Ni kuma ka cire min abin da ya rage a ƙirjina, don har yanzu da saura.